Yadda Ake Sarrafa Kamado, Murhun Tangaran Mai Aiki da Gawayi

Wanda ya saba da kurfoti ko ragar masu tsire, ranar da ya fara ganin kamado zai ɗauka randa ce aka yi wa murfi aka ɗora a kan tayoyi. Bai yi nisa da gaskiya ba, domin murhu ne na tangaran mai siffar ƙwai, jikinsa mai kauri, yana da ƙofar iska ɗaya a gindi da wata a tsakar ka, kuma gawayi yake ci. Da wannan tukunya guda mutum zai gasa tsire cikin 'yan mintuna, ya bar naman ƙirjin bijimi a kan lallausar wuta tun daga isha'i har hantsi ba tare da ya ƙara gawayi ba, sannan washegari ya gasa burodi a cikinta. Wannan haɗa aiki uku a murhu ɗaya shi ne ya sa ya samu karɓuwa a bayan gidajen Amurka da Turai, inda gashin nama a ƙarshen mako ya zama al'ada.

Kalmar kamado ta Japananci ce, kuma ma'anarta murhu. Akwai wani nau'insa na yumɓu mai murfi da ake iya ɗauka, wanda Japanawa ke kira mushikamado suna dafa shinkafa da shi, kuma shi ne sojojin Amurka da suka zauna a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa komawa gida da shi. A shekarar 1974 wani ɗan kasuwa mai suna Ed Fisher ya buɗe shago a birnin Atlanta na jihar Jojiya yana sayar da kayan da ya shigo da su daga Gabashin Asiya, ciki har da waɗannan murahu, har yakan gasa fukafukan kaji a ƙofar shagon domin ƙamshi ya janyo masu wucewa. Daga nan kamfanin Big Green Egg ya samo asali. Na farkon na yumɓu ne da ke tsagewa idan wuta ta yi yawa, sai daga baya aka koma tangaran da aka gasa da zafi mai tsanani, aka kuma shafe bayansa da ƙyalli. Kamado Joe mai jan launi ya shigo kasuwa a 2009, shi ma daga Jojiya, Primo yana yin nasa mai tsawo maimakon zagayayye, Monolith kuwa na Jamus ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tanderun masu gurasa a Kano ya riga ya san rabin sirrin, wato yadda gasasshen yumɓu ke shan zafi ya riƙe shi ya kuma mayar da shi ga abin da ke ciki ta kowane ɓangare. Ɗayan rabin shi ne murfin da ke rufewa ruf da ƙofofin iska biyu, kuma a nan ne sabon shiga ke shan wahala, domin a wannan murhu yawan iskar da aka bari ta shiga shi ke yanke zafin wuta, gawayi kuwa tsawon lokacin da wutar za ta ɗauka kawai yake yankewa.

Zaɓe da wurin ajiyewa

Girman da ya fi dacewa da iyali shi ne wanda faɗin ragarsa ya kai santimita 46, kamar babban Big Green Egg ko Kamado Joe Classic, wanda zai ɗauki kaji biyu a baje ko karfatar rago sukutum. Nauyin irin wannan ya haura kilo 70, saboda haka ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba ne, kuma idan ya faɗi ya fashe ke nan. Akwai ƙanana masu raga ta santimita 33 da ake iya sa wa a bayan mota, akwai kuma manya masu santimita 61. Gaskiyar da ya kamata a faɗa tun yanzu ita ce murhun yana da tsada, domin sanannun samfura na matsakaicin girma kan kai dala 1,000 ko fiye a Amurka kafin a yi maganar kuɗin dako, kuma ragarsa ba ta da faɗin da za ta ciyar da taron biki. Mai sana'ar tsire ko balangu ragarsa ta ƙarfe ta fi masa amfani nesa ba kusa ba. Idan na hannu za a saya, a haska tocila a duba gindin da murfin ciki da waje. Siraran zane-zane a jikin ƙyallin waje ba aibi ba ne, haka ma tsagar da ke jikin kaskon gawayi daga sama zuwa ƙasa, wadda masu ƙera shi suka bari da gangan domin tangaran ya samu wurin buɗewa idan ya yi zafi. Tsagar da ta ratsa jikin tukunyar waje ita ce dalilin fasa ciniki. Yana da kyau kuma a tambayi irin naman da aka saba gasawa a ciki, tunda yawancin masu shi a ƙasashen Yamma ba sa ƙyamar naman alade.

Wurin ajiyewa ya zama fili ne a tsakar gida ko bayan gida, a kan daɓe ko siminti da ke daidai, nesa da zana da rumfar kara da igiyar shanya da tulun gas. Ba a kunna shi a cikin ɗaki ko kicin ko garejin mota ko da an buɗe taga, domin gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci. Idan a kan keken ƙarfe yake, a danne birkin tayoyinsa, kuma duk lokacin da za a matsar da shi a ja shi ta baya a hankali maimakon a tura, saboda nauyinsa a sama yake, ƙaramin tudu ya isa ya kifar da shi.

Kafin wutar farko a fito da kayan cikinsa a san su. A can ƙasa akwai kaskon gawayi mai huda a gefe, kuma dole hudar ta fuskanci ƙofar iska ta gindi daidai wa daida, in ba haka ba wuta ba za ta taɓa tashi yadda ake so ba. A cikin kaskon akwai faifan ƙarfe mai ramuka wanda gawayi ke zama a kai toka na zuba ƙasa, a samansa akwai zoben tangaran, sai ragar gashi a kan zoben. Akwai kuma faranti mai kauri na tangaran da ake sa wa tsakanin wuta da nama idan ana son dahuwa a hankali, wanda zan riƙa kira garkuwa. A leɓen tukunyar da na murfin an manna wani ƙyalle mai jure zafi wanda ke hana iska sata ta shiga. Idan murhun sabo ne, a yi gashi biyu ko uku na farko da zafin da bai wuce digiri 175 na ma'aunin Salshiyas ba, domin gam ɗin da ya riƙe ƙyallen ya kama sosai.

Gawayi da kunna wuta

Gawayin itace na asali ake so, manya da matsakaita, busasshe, wanda idan an buga biyu za a ji ƙara kamar ta ƙarfe. Dunƙulen gawayi na kamfani da ake haɗawa da gari da sitaci yana barin toka mai yawa wadda ke toshe ramukan iska a tsakiyar dare, wanda aka jiƙa da mai don saurin kamawa kuwa haramun ne a wannan murhu. A nan mu muke da gata, domin gawayin da Ba'amurke ke saya da tsada a jakar takarda shi ne wanda ake jibgewa a buhuna a bakin hanya. Gawayin kirya, wanda maƙera suka daɗe da sanin ƙarfinsa, yana daɗewa yana ci, kuma itacen kirya ɗan'uwa ne ga itacen da mutanen jihar Texas ta Amurka ke alfahari da shi wajen gashi, wanda suke kira meskit. Na marke ma yana da kyau. Abin lura da gawayin buhu shi ne ba a tace shi ba, don haka a juye shi a kan tabarma ko tsohon buhu a tsince duwatsu da ɓawo da guntayen da ba su gama zama gawayi ba, waɗanda za a gane su da launin ƙasa-ƙasa, domin su ne ke kawo hayaƙi mai ɗaci. Garin da ya rage a gindin buhu a bar wa kurfoti.

Wajen zubawa, a fara jera manyan a kan faifan ƙarfe da hannu yadda iska za ta samu hanya a tsakaninsu, a bi da matsakaita, a ƙarasa da ƙanana a sama har kaskon ya cika zuwa bakinsa. Sabon shiga yakan ji tsoron cikawa yana ganin wuta za ta yi yawa, alhali cikawar ba ta ƙara zafi, kuma abin da bai ƙone ba yana nan ana sake amfani da shi. Zubi ɗaya na gawayi mai kyau yakan wuce awa 12 a kan lallausar wuta.

Kananzir da fetur da leda da roba ba su da wuri a nan ko kaɗan. Tangaran yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shan warin man, sannan ya riƙa mayar da shi cikin abinci har tsawon gashi da yawa a gaba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yayyafa wa takardar goge hannu man gyaɗa, a murɗe ta kamar lagwani, a cusa ta a tsakiyar gawayin daga sama, a ƙyasta ashana. Ɗan garwashi biyu ko uku daga kurfoti ma sun isa. A buɗe ƙofar gindi gaba ɗaya, a bar murfin a buɗe kamar minti 10. Idan dahuwa mai tsawo za a yi, wuri ɗaya tak za a kunna, kuma da zarar garwashi ya kai faɗin tafin hannu an gama, domin so ake wutar ta riƙa bin gawayin sannu a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Idan zafi mai tsanani ake nema, a kunna wurare uku. Daga nan a mayar da raga, da garkuwa idan za a yi amfani da ita, a rufe murfi, a buɗe ƙofar sama.

Saita zafi

Wannan shi ne matakin da ya raba gwani da ɗan koyo. Iska na shiga ta gindi, ta ratsa garwashi, ta fita ta sama da hayaƙi, saboda haka ƙofar gindi ita ce babban linzami, ta sama kuwa da ita ake ƙananan gyare-gyare. A jikin murfin akwai ma'aunin zafi. Yawancin bayanan gashi da ke zuwa daga Amurka da ma'aunin Farenhait suke, kuma hanyar mayar da shi Salshiyas ita ce a cire 32 a raba da 1.8, wato 225 da 250 da suke yawan ambata su ne 107 da 121 a namu lissafin. Duk alƙaluman da ke cikin wannan bayani na Salshiyas ne.

Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce a tare zafi tun yana hawa. Tangaran mai kauri idan ya sha zafi ba ya sakinsa da wuri, don haka wanda ke neman 120 ya yi sakaci allura ta kai 200, zai iya shafe awa guda ko fiye yana jiran ta sauko, nama na ajiye, baƙi na kallon agogo. Dabarar ita ce idan ya rage kamar digiri 30 a kai inda ake so, sai a fara rage ƙofofin biyu, a bar allurar ta ƙarasa da kanta. Domin zafin 110 zuwa 120, ƙofar gindi ba za ta wuce kaurin ƙaramin yatsa ba, wani lokaci ma rabin haka, ta sama kuwa 'yar siririyar kafa kawai. Domin 180 zuwa 200, gindi ya kai faɗin yatsu biyu, sama kuma kusan rabi. Domin 300 zuwa sama, a buɗe su duka. Waɗannan ma'aunai mafari ne kawai, domin kowane murhu da halinsa, kuma ranar da iskar hunturu ke kaɗawa kai tsaye cikin ƙofar gindi wuta za ta fi tashi, sai a juya murhun ko a kare shi da wani abu. Ni na ɗauki alli na yi wa ƙofar gindin nawa alama uku, kuma tun daga lokacin ban sake yin kame-kame ba.

Bayan kowane gyara a jira minti 10 zuwa 15 kafin a sake taɓa komai, domin murhun ba ya amsa umarni nan take. Mai gaggawa yakan buɗe, ya ga ba a motsa ba ya ƙara buɗewa, sai zafi ya zarce, ya rufe duka, wuta ta nemi mutuwa, haka zai yini yana kai da kawowa. Idan allura ta tsaya inda ake so, a ƙara mata minti 20 zuwa 30 kafin a ɗora abinci, saboda allurar zafin iskar ciki take aunawa, shi kuwa jikin tukunyar bai gama ɗauka ba tukuna. A cikin wannan jira ne kuma hayaƙi zai canza daga fari mai kauri da ke sa ido hawaye zuwa siriri mai shuɗi-shuɗi da kyar ake ganinsa. A miƙa hannu a saman ƙofar na ɗan lokaci a shinshina: idan warin ƙauri ne, da saura, idan ƙamshin itace ne mai daɗi, an shirya. Naman da aka ɗora a kan farin hayaƙi ɗaci yake yi, kuma ba yajin da zai ɓoye shi.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da irin wannan murhu. Idan zafi ya haura 150 kuma an rage iska, garwashin da ke ciki yana cikin yunwar iska, da zarar an bankaɗa murfin lokaci ɗaya sai iska ta afka ciki wuta ta yi tsalle waje. Na gani a jikina wata rana bayan la'asar da nake gasa kifi, na rufe ƙofofin domin zafi ya yi yawa, aka kira ni, na dawo na ɗaga murfin da ƙarfi ba tunani. Sai na ji wani sauti kamar an kaɗa babban bargo, shuɗiyar wuta ta lashi hannuna har gwiwar hannu, gashin hannun ya ƙone ƙurmus, warinsa ya cika tsakar gidan. Allah Ya taƙaita ban sunkuya da fuska ba. Maganin abin mai sauƙi ne: a tsaya a gefe, a ɗaga murfin kamar faɗin yatsu uku, a dakata daƙiƙa kaɗan, a mayar, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a buɗe gaba ɗaya. A koya wa duk wanda zai taɓa murhun a gidan, kuma a sa safar hannu ta fata mai tsawo.

Duk lokacin da aka buɗe murfi allura za ta faɗi, amma kada a ruɗu a ƙara iska, domin buɗewar kanta ta shayar da garwashin iska mai yawa, kuma bayan an rufe zafin zai dawo har ya ɗan zarce. A kamado da murfi a rufe ake kowane irin gashi, har da na minti biyar.

Gashi kai tsaye a kan garwashi

Wannan shi ne mafi kusa da abin da muka saba, ba garkuwa, nama na fuskantar wuta. Tsire yana son 200 zuwa 230, bai kamata a wuce haka ba saboda garin ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa ya yi baƙi tun naman bai nuna ba. A jiƙa tsinkayen a ruwa rabin awa, a yanka naman falle-falle, a soke, a tsoma a garin ƙuli da yaji, a yayyafa man gyaɗa kaɗan, ba irin malalar da masu tsire ke yi ba, domin man da ya ɗiga kan garwashi a rufaffen murhu hayaƙin maiƙo yake zama. Minti uku zuwa huɗu kowane gefe ya isa. Karfasa ko tarwaɗa a tsattsaga jikinsu, a shafa wa ragar mai, kuma kada a yi ƙoƙarin juya kifin sai ya saki ragar da kansa. Kaza ko zabo a tsaga ta baya a baje, a fara da gefen ƙashi a ƙasa a kan 190, a ba ta kimanin minti 45 zuwa awa guda gwargwadon girmanta. Kazar gida da zabo naman su ya fi tauri kuma ba su da kitse, don haka sun fi jin daɗin garkuwa da ɗan rage wuta.

Ido ba ya gane nunar nama a wannan murhu, domin hayaƙi kan bar jan zobe a ƙarƙashin ɓawon nama ko da ya nuna sarai. A nemi ƙaramin ma'aunin zafi mai tsini da ake sokawa cikin nama. Ma'aikatar noma ta Amurka ta tsayar da 74 ga kaji da sauran tsuntsaye, 71 ga niƙaƙƙen nama, 63 ga kifi da yankan naman sa ko rago tare da barinsa ya huta minti 3. A soka a inda ya fi kauri, ba tare da tsinin ya taɓa ƙashi ba.

Dahuwa a hankali da hayaƙi

A nan ne kamado ya yi wa murhun ƙarfe fintinkau, domin kaurin jikinsa ya sa iska kaɗan ta ishe shi riƙe zafi, kuma idan iskar da ke ratsa nama ba ta da yawa ba ya bushewa da sauri. Naman da ya dace shi ne mai jijiya da kitse wanda wuta mai ƙarfi ke mayar da shi kamar ƙirgi, irin karfatar rago da awaza da wuya da ƙirjin sa, wanda mutanen Texas suka shahara da shi. Idan naman layya ne, kada a ɗora shi ranar yanka, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a firji, domin nama yakan sandare 'yan awoyi bayan yanka kuma sai ya sake kafin ya yi laushi.

A ɗauki karfata mai kilo biyu a matsayin misali. Tun daren jiya a barbaɗa mata gishiri, kimanin cokalin shayi biyu ga kowane kilo, da masoro da tafarnuwa da citta da ɗan kanumfari. Wajen zuba gawayi a binne guntayen busasshen itace biyu ko uku masu girman dunƙulen hannu. Amurkawa na amfani da itacen oak da hikori da tuffa da ceri, a wajenmu kuwa busasshen itacen lemo ko gwaba ya wadatar. A guji katako mai fenti ko wanda aka sa wa maganin gara, da falwud, da duk itace mai farin ruwa irin tinya da tumfafiya, domin guba ne. A kunna wuri ɗaya, a ɗora garkuwa, a ajiye tiren ƙarfe a kanta domin tarar kitse, amma a ɗaga tiren da 'yan dunƙulen takardar alminiyam yadda ba zai zauna kai tsaye a kan farantin ba, in ba haka ba kitsen zai ƙone ya ɓata ƙamshin. Sai raga, sai a saita 120, hayaƙi ya washe, a ɗora naman gefen kitse a sama, a rufe, a tafi harkar gaba.

Bayan awa uku ko huɗu za a ga zafin cikin naman ya tsaya tsakanin 65 da 75 ya ƙi gaba, wani lokaci har awa biyu ko fiye. Murhun bai lalace ba, kuma wuta ba ta mutu ba. Ruwan da ke fitowa daga naman yana bushewa a samansa yana sanyaya shi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafar jikinta. Mai haƙuri ya jira, ɓawon naman zai fi ƙarfi da daɗi. Mai sauri ya naɗe naman tam a takardar alminiyam da ɗan romo ya mayar, zai rage lokaci amma ɓawon zai yi laushi. Abin da ba a yi shi ne buɗe iska don a kori tsaikon. Ana sauke irin wannan nama ne idan cikinsa ya kai 93 zuwa 96, lokacin da jijiyoyin suka narke, kuma alamar da ta fi alƙaluman ma'auni ita ce tsinin ma'aunin ya shige ba turjiya kamar an soka shi cikin man shanu. Karfata kan ɗauki awa 6 zuwa 8, ƙirjin sa mai kilo biyar ko shida kuwa yakan kai awa 12 ko ya wuce. Bayan saukewa a naɗe shi da tawul a sa a babbar kula na aƙalla awa guda kafin wuƙa ta taɓa shi, domin wanda ya yanka da zafinsa a kan faranti zai bar romon.

Burodi da fiza

A ɗora garkuwa, a sa raga a samanta, sannan a ɗora faifan dutse na gashi a kan ragar yadda za a samu tazara tsakaninsa da garkuwar, domin idan suka haɗu ƙasan burodi zai ƙone sama bai nuna ba. A sa dutsen tun murhun na sanyi su yi zafi tare, saboda dutse mai sanyi da aka jefa cikin zafi tsagewa yake yi, kuma a ba shi rabin awa bayan allura ta tsaya. Burodi na son 220 zuwa 230, fiza mai siririn ƙasa 300 zuwa 350, kuma tana nuna cikin 'yan mintuna. Ba a sa itacen hayaƙi, domin ƙullu yana kwasar wari fiye da nama. Gurasa ma tana yi, sai dai a kan dutsen za a shimfiɗa ta, kada a manna ta a bango kamar a tanderu, tunda bangon kamado baƙin maiƙo ne.

Kashe wuta da kula da murhun

Idan an gama, a goge ragar da burushi tun tana da zafi, a rufe murfi, a rufe ƙofofin biyu ruf, wuta za ta mutu da kanta don rashin iska. Ba a zuba ruwa ko kaɗan, domin ruwa a kan tangaran mai zafi fasa shi yake yi. Murhun yakan ɗauki awoyi kafin ya huce, saboda haka a hana yara zuwa kusa, kuma kada a lulluɓe shi da rigarsa sai ya yi sanyi sarai. Kafin gashi na gaba a motsa ragowar gawayin da sanda toka ta zuba, a tsokane ramukan faifan da suka toshe, a kwashe tokar ta ƙofar gindi a zuba a bokitin ƙarfe, sannan a ƙara sabon gawayi a kan tsohon. Idan wata rana zafi ya ƙi wuce 150 alhali ƙofofi na buɗe, kusan kullum toka ce ta taru a bayan kaskon, sai a fito da kayan ciki duka a share.

Cikin tukunyar ba ya son sabulu ko omo, wuta ce ke wanke shi. Idan maiƙo ya taru, ko kuma an buɗe bayan makonnin damina an tarar da furfurar fumfuna ta rufe raga da bango, a cika gawayi a kai zafi 260 zuwa 300 na kimanin awa guda, a bari ya huce, a goge farar tokar da busasshen burushi. Don kada fumfunar ta dawo, a riƙa barin ƙofofin biyu da 'yar kafa a lokacin ajiya iska na zagayawa, tare da kare ƙofar sama daga ruwan sama. Sau biyu a shekara a bi notocin ɗamarar ƙarfen da ta riƙe murfi da gindi a ɗaure su, domin zafi da sanyi na sassauta su a hankali, kuma murfin da ya suɓuce daga ɗamararsa ƙasa zai nufa. A gwada ƙyallen leɓe ta hanyar rufe murfin a kan tsiririn takarda a wurare huɗu ko biyar a ja: inda takardar ta zare ba turjiya, nan iska ke sata, kuma idan daidaita ɗamarar bai gyara ba, a kankare tsohon ƙyallen, a goge leɓen ya bushe, a manna sabo, a bar murfin a rufe kwana guda kafin a sake kunna wuta.